Kwamfutata Tana Nuna Shuɗin Allo Idan Zan Kashe Ta: Shin In Sabunta BIOS?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya ta hannu, mai ɗauke da Windows 10. Tana aiki lafiya lau duk yini, amma da zarar na ba ta umarnin kashewa sai fuskarta ta yi duhu, fanka ta ci gaba da juyawa na tsawon mintuna, daga nan ta nuna shuɗin allo mai rubutun DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, sannan ta sake kunna kanta. Wani mai gyara ya ce in sabunta BIOS. Batirinta kuwa ya riga ya mutu, sai da caja take aiki. In yi ko in bari? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka dakata tukuna, kada ka taɓa BIOS ɗin nan, wato manhajar da ke tashin kwamfuta kafin Windows ya fara aiki, a halin da batirinka yake ciki. Rubutun da ka kwafo mana ya riga ya nuna inda matsalar ta fi karkata, kuma ba BIOS ba ne wurin da ya kamata a fara dubawa.

A duk lokacin da aka kashe kwamfuta, Windows yakan bi na'urorin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya, irin su katin hoto, katin Wi-Fi, na'urar sauti da duk abin da aka jona ta USB, yana umartar kowacce ta sauka daga aiki. Kowace na'ura tana da ƙaramar manhaja da ke tafiyar da ita, wato direba. Idan wani direba ya karɓi umarnin ya ƙi ba da amsa, Windows zai yi ta jira har wa'adin da aka ɗibar masa ya cika, sai ya tsayar da komai ya fito da wannan rubutu, wanda lambarsa ita ce 0x9F. Wannan jiran shi ne mintunan da kake jin fanka tana juyawa.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, Microsoft ya saka wani tsari mai suna Fast Startup, wanda yake hana kwamfuta mutuwa gaba ɗaya: yana adana zuciyar Windows da direbobi a wani fayil mai suna hiberfil.sys domin ta tashi da sauri. Tsofaffin direbobi da yawa ba sa jituwa da wannan tsari. Ka danne maɓallin Shift, ka latsa Shut down ba tare da ka sake shi ba, hakan zai sa ta yi cikakken kashewa. Idan ta mutu lafiya, to ka shiga Control Panel, ka buɗe Power Options, ka zaɓi Choose what the power buttons do, ka cire alamar da ke kan Turn on fast startup. Ka kuma zare firinta, modem, filasha da duk abin da ke jone, ka sake gwadawa, domin sau da yawa mai laifin yana rataye ne a bakin USB.

Idan matsalar ta ci gaba, sai a nemo sunan direban. Kowane shuɗin allo yakan bar ɗan rahoto a C:\Windows\Minidump, kuma ana iya karanta shi da WinDbg na Microsoft ko BlueScreenView, dukansu kyauta ne. Ka nemi sunan fayil mai ƙarewa da .sys. Idan ka ga ntoskrnl.exe kaɗai, wato fayil ɗin zuciyar Windows, kada ka ɗora masa laifi, shi ne kawai ya sanar da faɗuwar. Da ka gano na'urar, ka sauko da direbanta daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ko kuma, idan matsalar ta faro ne bayan wani sabuntawa, ka koma tsohon direban ta Roll Back Driver a Device Manager. Ina roƙonka ka guji manhajojin nan masu alkawarin sabunta dukkan direbobi da latsawa ɗaya, domin sukan ɗora wa na'ura direban da ba nata ba.

Shawarar mai gyaran tana da tushe, domin BIOS, ko UEFI a kwamfutocin zamani, shi ne yake bayyana wa Windows yadda za a sarrafa wutar kowace na'ura ta hanyar ƙa'idar ACPI, kuma kuskure a cikinsa yana iya jawo irin wannan matsala. Sai dai haɗarin ya sha bamban da na direba. BIOS yana zaune ne a wani ɗan ƙaramin cif a kan madabod, wato babban faifan da ke haɗa sassan kwamfuta, kuma lokacin sabuntawa sai an goge tsohon kafin a rubuta sabon. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aikin, ko janareta ya mutu, kwamfutar da ba ta da batir za ta rasa abin da zai tashe ta, ko tambarin kamfani ba za ta nuna ba. Daga nan sai a nemi mai na'urar sake rubuta cif, ko a sauya madabod ɗungurungum, ka ga an yi gyaran gangar Auzinawa ke nan. Wasu kwamfutocin HP da Dell suna da hanyar farfaɗo da BIOS da ya lalace, amma ba kowane samfuri ba, kuma ba abin dogaro ba ne.

Ko aikin ya kammala lafiya, akwai sauran abin lura. Idan rumbun ajiyarka yana kulle da BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanai, kwamfutar na iya neman mabuɗin ceto mai lambobi 48 bayan sabuntawa, wanda yawancin masu sayen ta hannu ba su taɓa ajiye shi ba. Saitunan BIOS na iya komawa na asali, har Windows ya kasa ganin rumbun. Wasu kamfanonin kuma ba sa barin a koma tsohon BIOS. Sabon ma ba kullum yake fin tsohon ba: a Janairun 2018 kamfanin Intel da kansa ya nemi a dakatar da raba gyaran da ya fitar kan wani raunin tsaro mai suna Spectre, wanda ake sakawa ta sabunta BIOS, saboda yana sa kwamfutoci suna sake kunna kansu ba zato ba tsammani.

Ba ina cewa kada a taɓa sabunta BIOS ba ne har abada, domin akwai lokacin da tsaro ko lafiyar na'ura suke wajabta shi. Sharaɗina shi ne ka karanta bayanin da kamfanin ya rubuta a kan sabon BIOS ɗin, ka ga ya ambaci matsalar kashewa ko sarrafa wuta. Idan ya ambata, ka sayi sabon batir ka cika shi, ka jona caja, ka kwafe muhimman fayilolinka, ka dakatar da BitLocker, ka tabbatar fayil ɗin na ainihin lambar samfurinka ne, sannan kada ka taɓa ko maɓalli ɗaya har ta gama, ko da fuskar ta yi duhu na ɗan lokaci.

Ka fara da gwajin Shift, Malam. Idan bai warware ba, ka aiko mana da sunan fayil ɗin da ka gani a rahoton da kuma lambar samfurin kwamfutar, mu duba tare.