Kwana a tanti lokacin bazara

Dan uwa ka ce za ku kwana a tanti a Yankari cikin watan Afrilu, kana tambayar ya za ku yi da zafi. To gaskiya kun zabi tsakiyar bazara, amma da dabara.

Kar ku kafa tantin da rana, ku bari sai bayan la'asar, kuma a gindin bishiya inda inuwa za ta rufe ku da hantsi, don da rana ta fito ta doki ledar nan kafin karfe 8 ciki ya koma kamar tanda wallahi. Rufin saman nan na ruwan sama ku cire shi in ba hadari, ku bar ragar kawai iska ta ratsa, sauro kuma ba zai shigo ba. Ni abin da ya fi min amfani shi ne jikakken zani, in rataye shi a kofar da iska ke shigowa, tunda iskar a bushe take sai ta shigo da sanyi kamar ruwan randa. Katifar soso kuma ka bar ta a gida, tabarma ta fi.

Da azahar ku sauka Wikki, wato mabubbugar ruwan dumin da ake wanka a cikinta a Yankari, ruwan wajen digiri 31 yake amma in ka fito iska ta buge ka za ka ji dadi. Ku rike ORS, wato hadin gishiri da sukari da ake damawa a ruwa a sha, kuma duk wanda ya fara jiri ko ciwon kai a kai shi inuwa a jika masa jiki nan take.