Amsa ga ɗana kan ɗage biki saboda aiki da neman gida

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce an sa rana bayan Babbar Sallah, sai ga shi ka samu aiki a Abuja, ita ma yarinyar ta kama nata aikin a nan Kano, gida kuma har yanzu ba a samu ba. Kana tambaya ko al'ada ta yarda a ɗage bikin.

Ta yarda, amma ka rarrabe abu biyu. Ɗaurin aure daban, tarewa daban. Shawarata a bar ɗaurin aure a ranarsa, tarewa ce za a matsar. Ranar da manya suka kai goro da alawa aka tsayar, taɓa ta yana jawo zargi, nan da nan dangin yarinya su fara cewa ko ka sauya ra'ayi ne. Amarya ta zauna gidan iyayenta wata biyu ko uku bayan ɗaurin aure kuwa ba baƙon abu ba ne.

Sai dai kada ku yanke wannan kai da ita a waya. Waɗanda suka je sa rana su za su koma wurin waliyyinta, su faɗi dalili, su kuma faɗi watan tarewa. Kada a ce "sai an samu gida" a yi shiru, wannan maganar ce ke kai mutane shekara. Ka kuma sani a mazhabarmu ta Malikiyya ciyarwa tana hawa kanka da zarar kun tare, ko danginta suka ce ka zo ka ɗauki matarka. Ko ba su ce ba, mutunci ne ka riƙa aika mata kuɗin hidima duk wata.

Muhalli naka ne, kayan ɗaki nasu. A nan ake yawan samun ɓarna. Uwar amarya ta ba kafinta aikin gado shida da shida, da sif, da kujeru cikakken saiti, alhali ba wanda ya ga ɗakin. Ranar jere sif ya ƙi shiga ƙofa, ko kujerar mutum uku ta kasa juyawa a matakalar bene. Ka roƙe su su dakata da kafinta da mai labule har ka biya haya. Sannan gwaggonninta su zo ganin ɗaki, in tafiyar ta yi nisa ka auna tsawo da faɗin falo, ɗakin kwana, kicin, tagogi da faɗin ƙofofi ka tura musu.

Wajen neman gidan, kada ka lissafa kuɗin haya kaɗai. Shekara guda ake biya gaba, ga na dillali wanda galibi kashi 10 cikin 100 ne, ga na rubuta yarjejeniya, ga na ajiya saboda ɓarna. Kada ka ba dillali ko sisi sai ka ga mai gidan ko lauyansa, ka karɓi rasit. Mararraba da Nyanya sun fi sauƙi, amma cunkoson hanyarsu safe da yamma zai cinye maka lokaci da kuɗin mota. Ka gwada Kubwa ko Lugbe, gwargwadon inda ofishinku yake, ka bi hanyar da sassafe ranar aiki kafin ka yanke. Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba: ruwan famfo ne, burtsatse ne, ko 'yan garuwa? Mitar wuta taku ce ku kaɗai, akwai tsohon bashi a kanta? Ka ɗaga kai ka dubi silin, tabon ruwa yoyo ne. Tunda za ka riƙa barinta ita kaɗai, ka lura da su waye a gidan, ko tsakar gidan tana da sirri.

Aikinta kuma a yi maganarsa a gaban manya tun kafin ɗaurin aure. In na gwamnatin jiha ne, ba ya bin ta Abuja cikin sauƙi. In na tarayya ne, ana neman sauyin wurin aiki, takardar shaidar aure kuma tana taimakawa, don haka ku karɓe ta da wuri. Idan sauyin zai ja lokaci, gara ta tare a ƙaramin gida a nan Kano kana zuwa, a ajiye manyan kayan, don jere sau biyu yana karya gado da sif.

Ka turo mini watan da kake ganin kuɗin hayar zai cika, mu sa ranar da za mu koma wurin waliyyinta. Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka