Amsa ga uwar da ɗanta ya bar ƙwallo saboda wasan waya

Assalamu alaikum, Hajiya. Kin tambaya ko ki ƙwace wayar gaba ɗaya, tunda ɗanki mai shekara 11 ya daina zuwa filin ƙwallo, ya duƙufa a kan gem daga dawowarsa makaranta har magariba. A ganina ƙwacewar ba za ta yi magani ba, domin yaron da aka hana a gida yakan zarce shagon gem na unguwa, inda ba ki san da wa yake zama ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum. Ki fara ware masa wannan lokacin bayan an tashi daga Islamiyya, ko ƙwallo ko keke ko langa da sa'o'insa, sai gem ya biyo baya idan ya gama aikin gida. Manhajar Family Link tana kulle wayar Android da zarar lokacin da kika ƙayyade ya cika, kuma kada wayar ta kwana a ɗakinsa, saboda barci ne abin da gem yake fara cinyewa.