Amsar tambayarka kan harshen da ke aiki a Linux ya ƙi aiki a Windows

Ka ce ɗan harshen shirya manhajar nan da kake rubutawa da C don a riƙa cusa shi cikin wasu manhajoji yana tafiya lafiya lau a laftof ɗinka mai Linux, amma da ka kai shi Windows lissafin manyan lambobi ya lalace, a wayar Android kuma karatun haruffa ya rikice, shi ne kake tambaya ko ka ci gaba da zuba #ifdef, wato umarnin C mai ware wa kowane tsari nasa kod, duk inda matsala ta ɓullo. A'a ƙanena, dakata tukuna, in ka bari abin nan ya bazu cikin kowane fayil wallahi nan gaba kai kanka ba za ka gane kod ɗinka ba.

Je ka sauke Lua, wani ƙaramin harshe da shi ma ake cusawa cikin manhajoji, ka buɗe foldar src ka zauna da ita. Roberto Ierusalimschy da abokan aikinsa biyu ne suka fara shi a jami'ar PUC-Rio ta Brazil a 1993, da C zalla. Za ka ga lvm.c da lparser.c da lgc.c da ltable.c, su ne zuciyar, ba sa buɗe fayil, ko memori ma ba sa nema da kansu, mai manhajar ne yake miƙa wa lua_newstate hanyar da za a raba memori. Masu hulɗa da tsarin kwamfuta an ware su gefe, su liolib.c da loslib.c da loadlib.c, cikin loadlib.c ɗin za ka ga dlopen na su Linux, ga LoadLibrary na Windows, ga na uku wanda kawai zai ce ba ya iyawa a nan, sauran zaɓe-zaɓen kuma an tattara su a luaconf.h. Abin da ya fi burge ni shi ne laburarorinsu, har da lua.c ɗin da kake bugawa a tasha (terminal), duk ta ƙofar lua.h da lauxlib.h suke shiga kamar kowa, don haka in ƙofar ta yi ƙunci su za su fara jin jiki kafin kai. Harshe irin naka baƙo ne a gidan wani, bai kamata ya kira exit ya kashe wa maigida manhaja ba, ko ya ajiye kayansa a gulobal, wato ma'ajiyar da duk shirin ke tarayya a kanta, ta yadda mutum ba zai iya kunna biyu lokaci guda ba.

Matsalolinka biyu kuwa sanannu ne. long bit 64 ne a Linux mai bit 64, amma a Windows bit 32 ne ko da injin mai 64 ne, ka koma int64_t. char kuma a x86 yana ɗaukar lambar ƙasa da sifili, a ARM na Android ba ya ɗauka, to in ka zuba abin da getc ya dawo da shi cikin char kana jiran EOF, alamar ƙarshen fayil mai ƙasa da sifili, ba za ka taɓa ganin sa ba. Akwai wadda ba ta same ka ba tukuna, ranar da wani a Yamai ko Maraɗi ya sa harshenka cikin manhajar da ta kira setlocale da Faransanci, strtod mai mayar da rubutu lamba zai fara neman waƙafi a maimakon ɗigo, 3.14 ya koma 3. Lua na da maganin wannan, nemi lua_getlocaledecpoint ka gani.

Gwaji kuma ba sai ka sayi kwamfutoci ba. A laftof ɗin nan naka ka haɗa kod ɗin da gcc ka sake da clang, ka sa -m32, ka sa -funsigned-char, wannan kaɗai da ya kama maka ta Android tun a gida. QEMU, mai kwaikwayon wasu injina, zai ba ka ARM, har s390x mai jera bayit ta ɗaya gefen. GitHub Actions na da Linux da Windows da macOS, kyauta ne in rumbun kod ɗinka a buɗe yake, a nan za ka gwada MSVC, mai haɗa kod na Microsoft. Kullum ka kunna -fsanitize=address,undefined mai kama kurakuran memori da makamantansu, kar ka ce sai ranar da abu ya fashe.

Yawancin gwajin ka rubuta shi da harshen naka, fayil ɗaya ya kira sauran kamar all.lua na gwaje-gwajen Lua, waɗanda suka dogara da wani tsari ka sa musu makunni yadda Lua ta yi da _port. Amma wannan bai isa ba don ba haka mutane za su yi amfani da shi ba, ka rubuta ɗan shirin C da zai buɗe harshen sau biyu a tare, ya rufe ɗaya, ya ci gaba da ɗayan, sannan ka ba shi mai rabon memorin da zai ƙi bayarwa da gangan a kira na farko, a zagaye na gaba a kira na biyu, haka har ƙarshe, a ltests.c masu Lua su ma suna hana memori da gangan. Fara da kwashe duk ifdef ɗinka zuwa fayil ɗaya, in ka gama turo min in duba kafin ka taɓa sauran.