Amsa ga Hajiya da ta yi tambaya kan na'urar tace iska mai ayon

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaran lafiya. Kin ce tunda hunturu ya shigo mura mai zazzaɓi ke ta zagaye gidan, wannan ya tashi wancan ya kwanta, kuma mai shago ya nuna miki wata 'yar na'ura mai fitar da ayon ya ce tana kashe ƙwayar cutar a cikin iska, shine kike tambaya ko ki saya. Ni gyaran AC da firji nake yi, ɗana na biyu kuma yana da asma, to irin waɗannan kayan na sha buɗe cikinsu a shago kuma na zauna da su a gida. Gaskiya in dai don mura ne kar ki saya.

Abin da ke ciki ba wani abu bane mai yawa, 'yar allura ce ko ɗan burushi baƙi da ake tura wa wuta mai ƙarfi, sai ya riƙa sakin cajin lantarki cikin iska, shi ne ake ce wa ayon, cajin ya kama ƙura da sauran abin da ke yawo sai su je su manne a bango ko labule ko gilashin talabijin. Kamar dai yadda yara ke goga biro a gashi ya ɗauki 'yan takardu. Yawancin ƙananan nan ba filta a cikinsu, ko fanka babu. Wadda na taɓa sawa a falo bangon da ke bayanta sai da ya yi baƙi zagaye kamar an kunna fitilar kwai a wajen, in ka sa yatsa ka shafa sai ya fito duƙun-duƙun. Kinga kenan dattin bai bar ɗakin ba, wuri kawai ya canza, ana shara ko a kunna fankar sama wani ya sake tashi.

Ba wai maganar mai shagon ba ta da tushe kwata-kwata bane. A 2015 masu bincike a ƙasar Suwidin sun gwada wata na'urar ayon a kan ɓerayen masar, ta hana murar tsallakawa daga kejin masu ciwo zuwa na masu lafiya. Amma fa wannan ɗakin gwaji ne da na'ura ta musamman, dabbobin ma ba sa taɓa juna. Gidanki kuwa yara ne a katifa ɗaya, kofi ɗaya, wannan ya yi atishawa a fuskar wannan, ya share majina da hannu ya kama hannun ƙofa. Kafin na'urar da ke can lungu ta yi wani abu ai ƙwayar ta riga ta shiga hancin ƙaninsa.

Abin da ya fi damuna ma shine iskar ozon. Da yawansu suna fitar da ita, in kin kusanto za ki ji wani ɗan wari mai kaifi irin na wajen da wayar wuta ta yi tartsatsi, mutane sai su ce ai ƙamshin tsabta ne, wallahi ba tsabta bace, tana cin maƙogwaro da huhu ne, ta sa tari da ƙirji ya riƙe, mai asma kuwa ita ce ke tada masa ciwon. Ɗana in ya kwana a ɗakin da take kunne a rufe sai kin ji ƙirjinsa na fito da asuba, shiyasa na fitar da ita. In kuma ana fesa turaren ɗaki mai ƙamshin lemo ozon ɗin na haɗuwa da shi ya haifar da wasu sinadaran masu cutarwa. A jihar Kalifoniya ta Amurka doka ce ba a sayar da na'urar tace iska ta gida sai an gwada an ga ozon ɗinta bai wuce 0.05 ppm ba (ppm na nufin kashi ɗaya cikin miliyan na iskar), to waɗanda ake zubewa a kasuwanninmu ba takarda ba komai wa ya gwada su? Can Amurkan ma an yi wata mai suna Ionic Breeze ta kamfanin Sharper Image da ta yi kasuwa sosai, mujallar Consumer Reports ta gwada ta ce kusan ba ta tace komai, kamfanin ya kai masu mujallar ƙara kotu a 2003 aka kori ƙarar a 2004, zuwa 2008 ya karye.

In kina da halin saye ki nemi mai filtar HEPA ta gaskiya da fanka a ciki, wannan jan iskar take yi ta bi ta filta ta fito, tana riƙe kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman 0.3 maikron (maikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), har da 'yan ɗigon tari da ke ɗauke da cutar. Ki duba lambar CADR a kwali, wato lambar da ke nuna yawan iskar da take iya tacewa, ta dace da girman ɗakin, ki ajiye ta kusa da gadon mara lafiya ba a bayan kujera ba. Wasu suna zuwa da maɓallin ayon a jiki, ki bar shi a kashe kawai. Kuma dan Allah kafin ki biya ki tambaya ko ana samun filtar canji, don ƙurar hunturunmu ba wasa bace, filta fara tas kafin sanyi ya wuce ta koma ja, na ga gidaje da yawa da na'urar ke ajiye ta zama kwalliya saboda an rasa filta. Ba ta cin wuta sosai, inbata ko ƙaramar sola na ɗaukarta. Ita ma ragewa take yi fa, ba katanga bace.

Abin da na ga yana aiki a gidana ba na kuɗi bane. Wanda ya kamu a ware masa wurin kwana da kofinsa da cokalinsa, wanke hannu da sabulu, a buɗe taga da rana in hazo ya lafa iska ta ratsa, don mu da sanyi muna toshe ko'ina ne mu kunna turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi, wani ma har da gawayi a ɗaki, huhun yaro ya gaji kafin ma cutar ta zo. Janareta a nisanta shi da taga. Akwai allurar rigakafin wannan murar da ake yi duk shekara, ki tambaya a asibiti musamman in akwai tsoho ko mai ciki ko mai asma a gidan, akwai kuma magani oseltamivir da likita ke rubutawa, ya fi aiki in an fara cikin awa 48 na farko. Yaro mai zazzaɓi a yi masa gwajin maleriya tukunna kar a ce mura ce kawai, kuma kar a ba shi asfirin. In kika ga numfashi na sauri ko haƙarƙari na shiga ciki ko ya ƙi shan nono, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

In kin koma shagon ki ɗauko hoton kwalin gaba da baya ki turo nan, zan duba miki ko akwai filta a ciki.