Naira Dubu 40 Gare Ni, Ina Zan Kai Yara Ranar Sabuwar Shekara a Abuja?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. A Kubwa muke zaune, ni da maigida da yara uku, babbar shekararta 12, autan 4. Ƙanwar maigidan ma ta zo mana hutu daga gida. Yara sun tasa ni a gaba wai sai an kai su yawo ranar sabuwar shekara kamar 'ya'yan maƙwabta. Abin da na iya warewa naira dubu 40 ne, ba mu da mota, ga kuɗin makaranta na jiran mu a Janairu. Shi kuma maigida cewa yake wannan ba bikinmu ba ne. Yaya zan yi in faranta musu ba tare da na shiga bashi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Dubu 40 za ta ishe ku, har ki dawo da canji, amma da sharaɗi guda: ki cire daren 31 ga Disamba daga lissafinki, ki ɗauki yinin 1 ga Janairu. Tsadar sabuwar shekara a Abuja kusan duk a cikin daren nan take. Daga bayan isha'i kuɗin mota yake tashi, manhajojin kiran mota irin su Bolt suna ƙara farashi da kansu idan masu nema suka fi motoci yawa, wuraren shaƙatawa suna sa kuɗin shiga na musamman, kwalbar lemo ta koma ninki biyu. Ga coci-coci sun cika da masu addu'ar tsallaka shekara, hanyoyin da ke kusa da su a cushe, ga shingayen 'yan sanda, ga direbobin da suka sha suka yi tatul. Mace da yara uku ba ta da abin nema a titin Kubwa da ƙarfe ɗayan dare. Washegari da safe kuwa garin fayau yake. Ma'aikata da yawa sun tafi garuruwansu tun kafin Kirsimeti, waɗanda suka kwana biki suna barci, tituna a buɗe.

Batun maigida kuma, kada ki ja da shi. Ranar 1 ga Janairu hutu ce ta gwamnati, ofis a rufe, makaranta a rufe. Ba sai kin kira abin biki ba. Ki ce masa kina so a fitar da yara da baƙuwa shan iska tun da kowa yana gida, ki kuma nemi ya raka ku. Magidanta da yawa ba fitar suke ƙi ba, kiɗa da cakuɗuwar dare da ɓarnar kuɗi suke gudu, kuma tsarin da zan ba ki babu ko ɗaya a ciki.

Kafin a zo ga inda za a je, a raba kuɗin. Albashin Disamba galibi da wuri ake biyan sa, kafin Kirsimeti, sai na Janairu ya zo a ƙarshen wata. Tsakanin biyun makonni biyar ne zuwa shida, a cikinsu kuma ake komawa zango na biyu na makaranta. Saboda haka ni da zan raba miki, dubu 10 zan ɗauke in ajiye a gida, ba za ta fita da ku ba ko kusa. Dubu 13 ta tafi cefane, dubu 12 kuɗin mota, dubu 5 ta yara, wato hawan doki ko lilo ko askirim. Ki ciri tsabar kuɗin kwana biyu ko uku kafin ranar. A 'yan shekarun nan kuɗi kan yi ƙaranci a bankuna cikin Disamba, masu POS kuma su ƙara ladan cirewa. Riƙe tsaba yana da wani amfanin: abin da ke jaka in ya ƙare ya ƙare, amma mai biya da waya ba ta sanin ta wuce iyaka sai ta dawo gida ta duba saƙon banki.

Wurin da zan fara ba ki shawara shi ne Millennium Park da ke Maitama, kusa da otal ɗin Transcorp Hilton. Shi ne lambun shaƙatawa mafi girma a cikin birnin, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ce ta buɗe shi a watan Disambar 2003. An daɗe ana shigarsa kyauta, kuma abin da ya sa na fifita shi shi ne mutum yana zuwa da tabarmarsa da kular abincinsa ya shimfiɗa a ƙarƙashin bishiya ba mai ce masa uffan. Akwai fili da yara za su yi gudu har su gaji, akwai rafi da ya ratsa wurin da 'yan gadoji a kansa. Aibinsa ɗaya ne: ranar hutu daga la'asar sakaliya cika yake maƙil, inuwa ta yi wuyar samu, a bakin ƙofa kuma neman motar komawa ya zama kokawa. Ku isa wajen ƙarfe goma na safe, lokacin sanyin hunturu ya ɗan sake, ku ci abincin rana a can, ku yi sallar azahar, ku kama hanya kafin ƙarfe huɗu. Ki sa wa autan riga mai launi da za ki hango daga nesa, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa masa a aljihu.

Idan yaran sun fi son ruwa, akwai bakin tafkin Jabi. Zama a gefen tafkin ba ya cin kuɗi sosai, akwai masu doki da masu kwalekwale. Ki yi ciniki kafin yaro ya hau, domin in ya riga ya hau bakinki ya mutu, kuma kada kowa ya shiga kwalekwale babu rigar kariya daga nutsewa. Tarkon Jabi shi ne katafaren rukunin kantunan da ke gefen tafkin. Shiga kyauta ce, amma da wuya uwa ta ratsa shi da yara uku ta fito da kuɗinta a jaka. Akwai kuma gidan namun daji da lambun yara na ƙasa da ke Asokoro, a gindin dutsen Aso. Ana biyan kuɗin shiga, ba mai yawa ba, sai dai daga Kubwa ya fi sauran nisa, kuɗin mota zai ƙaru. Wurin wasan yara na Magicland da ke kusa da ƙofar shiga birni yara na son sa ƙwarai, amma can bayan kuɗin ƙofa kowane abin hawa da nasa kuɗin, ki lissafa sau uku. Da wannan kasafin ban ba ki shawararsa ba.

Ki zaɓi ɗaya kawai. Kuskuren da na fi gani wajen iyalai shi ne a ce za a leƙa nan, a biya can, a ƙare a wancan. A tsakiyar Abuja babu acaɓa, an hana tun 2006, Keke Napep ma ba ya shiga manyan unguwanni irin su Maitama. Duk matsawa daga wuri zuwa wuri tasi ce, kuma mutum shida ba sa shiga kujerun haya, sai shata. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, shatar mota biyu ko uku a cikin gari tana iya cinye abin da kika ware wa abinci gaba ɗaya. Daga Kubwa ku hau motar haya ta layi zuwa Berger ko Wuse, autan a cinya, daga nan ku yi shata guda zuwa lambun. Ku hau a tasha ko inda aka san direbobin, kada ku tsayar da motar da ba ta da fenti a bakin titi. Masu fashi da motar haya, waɗanda ake kira 'yan wan-cans, ba sa hutun sabuwar shekara.

Ke da kike Kubwa ma kina da abin da 'yan cikin gari ba su da shi. Jirgin ƙasan cikin birni yana da tasha a Gbazango, yana zuwa Idu, daga can a sauya zuwa tsakiyar gari ko filin jirgin sama. An sake buɗe shi a watan Mayun 2024, aka fara da ɗaukar fasinja kyauta. Jadawalinsa da kuɗinsa kan sauya, don haka a tura wani tashar tun ana jibi ya tambayo ko zai yi aiki ranar hutun da kuma lokutan tashinsa. In yana aiki, ga yaron da bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba hawan kaɗai ya isa yawo. Haka kuma dutsen Zuma yana nan gaba da Zuba, a Madalla ta jihar Neja, a kan hanyar Kaduna. Ki nemi tsohuwar takardar naira 100, ki nuna musu hotonsa a bayanta, sannan su ɗaga kai su ga na gaske. Ta ɓangaren Bwari kuma ga ƙauyen Ushafa da cibiyar masu ginin tukwane, inda shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara a shekarar 2000. Baƙuwarku za ta fi samun labarin kai wa gida daga waɗannan fiye da zaman gidan abinci.

Abinci shi ne inda za ki ci riba mafi yawa, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. A gidan abinci na zamani, farashin da ke kan takarda ba shi za ki biya ba. Ana ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, wasu kuma su ƙara kuɗin hidima. Cin dubu 20 harajinsa kaɗai naira 1,500 ne, in an ƙara hidimar kashi 10 ga wata dubu 2, alhali dubu 20 ɗin ba lallai ta ƙosar da mutum shida ba. A gida kuwa dubu 13 za ta cika kula. Ki yi cefanen ranar 29 ko 30 ga wata, kada ki bari sai jajibiri. Kasuwar Dei-Dei na kusa da ke don tumatir da attaruhu da albasa, lokacin ma kayan noman rani sun fara shigowa. Kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Zuba kuma can ake sauke lemu da ayaba da abarba da kankana, kuma sayen kashi a can ya fi sayen ɗaiɗai a bakin titi araha nesa ba kusa ba. Kaza ki bar ta. Tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara ne farashinta yake kai ƙololuwa. Ki yi dafa-duka ko dambun shinkafa da zogale, ki soya kifi ko ki dafa ƙwai, ki haɗa da awara mai yaji. Ki guji miyar da za ta zube a mota da kuma haɗin kabeji mai mayonis, wanda ba ya jure zaman rana. Abin sha ki yi zoɓo da citta da kanumfari, ki ɗura a gorunan ruwa ki sa a firiza tun dare in an samu wuta, ya zama shi ne ƙanƙarar kular. Kunun aya ya fi daɗi amma saurin tsami gare shi. Ruwan sha ki ɗauko isasshe daga gida, hunturu na busar da maƙoshi ko ba a ji zafi ba. Cincin da gyaɗa da rake su ne za su rufe bakin yara idan masu talla suka fara zagayawa.

In kina da maƙwabciyar da kuke shiri, ku yi karo-karo. Ita ta yi shinkafa, ke ki yi abin sha da soye-soye. In mijinta na da mota ku zuba masa mai, an kashe maganar tasi ke nan. Gida biyu a tabarma ɗaya kuɗin kowa raguwa yake, yara kuma sun samu abokan wasa.

Dubu 5 ɗin yara ki raba musu tun a gida, kowa ya san rabonsa, babbar ta riƙe nata da kanta. Yaron da aka ce masa abu ɗaya zai zaɓa yakan tsaya ya yi tunani, wanda ba a faɗa wa komai ba kuwa duk abin da ya gani sai ya nuna.

Daren 31 ɗin kuma ba sai an kwanta da wuri kamar marasa gata ba. Ki dafa shayi mai kayan ƙamshi, ki gasa dankalin Hausa a gawayi, a shimfiɗa tabarma a yi ludo da kacici-kacici, baƙuwa ta yi musu tatsuniya. Wasan wutan da masu kuɗi suka saya, in sha biyun dare ta yi daga ƙofar gida za ku gan shi a sama. Kada ki saya wa yara abin fashewar nan na wasa. Rundunar 'yan sanda kan sanar da haramta shi a irin wannan lokaci, yana ƙona yatsu, ga ciyawa da komai a bushe, tartsatsi ɗaya ya isa gobara. In kin kunna gawayi, a waje za a yi gashin, kada a shigar da kasko ɗaki don jin ɗumi a rufe ƙofa, hayaƙinsa na kisa cikin barci. Ki ajiye lambar gaggawa 112 a wayarki da ta babbar 'yarki, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122 ce. Ki caja wayoyi tun dare, ki haɗa tabarma da buta da ledar zuba shara da man shafawa na yara a jaka ɗaya, don da safe abinci kawai za ki zuba a kula ku fita.