Tafarnuwa Mai Kara A Tsakiya: In Zuba Jarina A Nomanta?

Tambaya: Malam, ina sayar da kayan ƙamshi da tafarnuwa a kasuwar 'Yankaba. Ƙanena da ke Kanada ya aiko mini da irin tafarnuwar can, wadda kara mai tauri ke ratsa tsakiyarta, ƙwayoyinta manya, ga sauƙin ɓarewa. Ina da naira miliyan ɗaya da rabi. In kama hayar fadama a Kura in noma ta bana?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka zuba wannan kuɗi a kanta bana.

Dalili na farko sanyi ne. Wannan iri na ƙasashen ƙanƙara ne, irin su Rasha da Kanada da arewacin Amurka. Can ana dasa ta kafin sanyi ya shigo, ta kwana a ƙasa wata takwas zuwa tara. Tana buƙatar makonni shida zuwa takwas cikin sanyin da bai wuce digiri 10 a ma'aunin Celsius ba kafin dunƙulenta ya rabu ƙwaya-ƙwaya, sannan tana son kwanakin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, kamar na bazarar can. Hunturun Kano yana sa mu neman bargo da asuba, amma kafin azahar rana ta buɗe, kuma tsawon yininmu bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara. Abin da yakan biyo baya shi ne ganye ya yi kore shar har maƙwabta su riƙa yabawa, ranar tono kuma ka ga ɗan dunƙule guda ɗaya kamar ƙaramar albasa, babu ƙwayoyi. Wa zai saya maka wannan a mudu?

Na biyu ya fi damuna, tunda kai ɗan kasuwa ne kafin manomi. Mai kara ba ta jure ajiya. Ko a inda take da daɗi, wata huɗu zuwa shida take yi ta fara tsiro ko ta motse, balle a rumfar kwano cikin zafin Afrilu. Ribar tafarnuwa a Kano kuwa a ajiya take. Manoman rani na Kadawa da na Sakkwato, wajen Wurno da Goronyo, suna dasawa wajen Nuwamba, su tono tsakanin Fabrairu da Maris, kaya su yi yawa farashi ya sauka. Wanda ya saya lokacin, ya shanya da kyau har wuyanta ya bushe ƙayau, ya zuba a buhun raga a ɗaki mai iska, bisa katako ba a kan siminti ba, shi ke dariya in damina ta yi nisa. Tafarnuwarmu 'yar gida ƙanana ce, ɓare ta sai mai haƙuri, amma masu yajin tsire da masu kilishi da masu haɗa man tafarnuwa ita suke nema saboda ƙarfin ƙamshinta. Masu son manya kuma ta Sin na nan a kwali, ƙasar da ke noma fiye da rabin tafarnuwar duniya. Da waɗannan biyun za ka yi gogayya.

Ban ce ka jefar da kyautar ƙanenka ba. Ka sa dunƙulen a takarda, ka ajiye a firji, ba ɓangaren ƙanƙara ba, tsawon wata ɗaya da rabi zuwa biyu (in wuta ta bari, abin da ni ba zan yi maka alkawari ba). Farkon Nuwamba ka ɓalle ƙwayoyin da ɓawonsu, ka dasa kan tsinin yana sama a komi biyu ko uku, ka rufe da ciyawa busasshiya don ƙasa ta riƙe sanyi. Ka roƙi wani manomi ya ba ka gefen gonarsa, babu zancen haya. Idan ta fitar da wani zangarniya mai lanƙwasa daga tsakiya, ka yanke shi, ƙarfin ya koma dunƙule. Kada ka zubar: a yanka shi ƙanana a wainar ƙwai ko a soya da kayan miya, ɗanɗanonsa tafarnuwa ce mara kaifi. Ka kai wa masu dafa abinci na manyan otal-otal da gidajen abincin Lebanawa na unguwar Nasarawa a Kano su ɗanɗana, ka ji ko za su biya, da nawa. Kafin nan kuma ka leƙa wurin malaman gona na KNARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, ko reshen NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, da ke Bagauda, ka nuna musu irin.

Game da jarin, ka kashe abin da bai wuce dubu hamsin ba a gwajin. Kashi biyu cikin uku na sauran ka tanade shi don sayen 'yar gida a kakarta, ka riƙe ragowar a hannu saboda kuɗin mota da ɗauko, da kuma ramar nauyi, don buhun da ka auna a Maris ba zai kai haka a Agusta ba. Ka auna buhu uku ranar saye, ka rubuta a littafi, ka sake auna su duk ƙarshen wata. Idan ka tono gwajin, ka aiko mini da adadin dunƙulen da suka rabu da waɗanda suka ƙi, mu yi lissafin baɗi tare.